Wadda Ta Motsa

Zafi ne ya koro ni, ba son tarihi ba.
Babur ɗina na wurin gyara a bakin titi,
bakanike ya ce in ba shi awa guda.
Na san awarsa. Sai na nemi inuwa.

Gidan tarihi shiru, kamar masallaci da walaha.
Mai gadi, Baba Kiyari, ya karɓi kuɗina
ya koma kan shayinsa.
Na wuce takubba, na wuce wani tsohon sirdi,
da tulun da ya manta ɗanɗanon ruwa,
sai ga mutum a bango.

Katakon da ya kewaye shi baƙi ne wuluk,
gara ta ci kusurwar hagu, ta ƙoshi, ta tafi.
Gilashin ya tsage daga sama,
siririn layi, kamar tsagar Barebari a kunci.

Yana zaune kan kujerar da ba tasa ba,
ka gani daga yadda ya ɗosana.
Rigar ma ina zaton ta aro ce,
hannunta ya zarce nasa.
Amma yatsun nasa ne:
sun rine har gaɓa ta biyu,
bagaruwa da toka sun yi gida a farce.
Majemi ne. Ko ba a rubuta ba, hanci ya kusa faɗa.

An kuwa rubuta, da Faransanci, a ɗan kati:
majemi, Birni. Shekarar da alamar tambaya.
Babu suna.
Mutum ya jeme fata dubu,
an taka takalmansa har Agadas,
ladansa kalma biyu.

Ba ya kallon mai hoto.
Idonsa ya karkata dama, ƙasa kaɗan,
bakinsa ya fara wata magana aka daskarar da shi a ciki,
ko tsawa ce, ko dariya, ban rabe ba.
Na bi idon.
Can gefe, inda katako ya kusa cinyewa,
ga wani abu hayaƙi-hayaƙi
da bai wuce gwiwarsa ba.
Na ɗauka ruwa ne ya taɓa takardar.

"Ba lalacewa ba ce," in ji Baba Kiyari a bayana.
"Yarinya ce. An ce kowa ya tsaya cik,
ita ta ƙi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ita."

Ya ce duk shekara, in mangwaro ya nuna,
wata tsohuwa kan zo daga Mirriya,
jikanta na riƙe da hannunta. Gaptiya.
Takan ba shi uku a bakin zane.
Ba ta duban takubba.
Fuskar mutumin ma, sau ɗaya take ɗaga kai.
Sai ta lalubi gefen nan, ta ɗora yatsa
kan hayaƙin, ta ce: "Ga ni nan.
Fara na bi. Na kuwa kama ta."
Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Ya ce shi ya daina goge wurin.

Na matsa kusa. Haka ne:
shatin yatsa kan shatin yatsa,
maiƙon shekara bisa na shekara,
ya fi fuskar majemin fitowa.

"To, sunansa fa? Ba ka tambaye ta ba?"

"Na tambaya. Ta ce Baba."

"Bana ta zo?"

Ya kurɓi shayin da ya riga ya huce.
"Mangwaro ya kusa ƙarewa a kasuwa."

Na daɗe tsaye.
Numfashina ya rufe gilashin, na ja baya
kada in shafe ta.

A waje duwatsun Birni na zaune cik,
kamar su ma an ce kada su motsa.
Babur bai gyaru ba.
Bakanike ya ce in ba shi awa guda.